Ko Kun Sani? Ɗanyar Ciyawa Ba Gona, Ba Damina

Ko kun san ana iya samar wa dabbobi ɗanyar ciyawa a cikin ɗaki, cikin mako guda kacal?

Ana jiƙa sha'ir, alkama ko masara, a baza a faranti mai huji, a riƙa yayyafa ruwa. Kafin mako ya zagayo, tsiron ya haɗe kamar koriyar tabarma, dabba ta cinye har saiwa. Da wannan dabara Hukumar Abinci ta Duniya ta taimaka wa 'yan gudun hijira a Tindouf, cikin hamadar Aljeriya, wajen ciyar da awaki da tumaki.

Wannan dabara na iya amfanar masu kiwo a Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗanda suka san tsadar harawa da dusa a tsakiyar rani. Haka ma fataken da ke cika kasuwar dabbobi ta Maigatari kowace Alhamis, har daga Nijar.

Kayan lambu ma na yi babu ƙasa. A 2015, 'yan sama-jannati sun ci latas da suka shuka a tashar sararin samaniya, ƙarƙashin fitilun LED.