Fina-finai uku da suka mayar da tsofaffi jarumai

An saba ganin tsoho a fim yana zaune a gefe, ko dai yana sa albarka ko yana hana aure. Amma a 'yan shekarun nan an fitar da wasu fina-finai da suka ɗora labarin gaba ɗaya a kan dattawa, suka haɗa abota da zullumi da tsufa. Ga uku daga ciki da yadda aka karɓe su.

Thelma (2024)

Wata tsohuwa mai shekara 93 a birnin Los Angeles na Amurka ta amsa waya, ta ji murya kamar ta jikanta yana cewa an kama shi. A ruɗe ta aika dala 10,000, sai daga baya ta gane 'yan damfara ne.

Abin da ya fi asarar kuɗin yi mata ciwo shi ne yadda iyalinta suka fara tunanin ba za ta iya zama ita kaɗai ba. Don haka ta sulale daga gida, ta hau keken tsofaffi mai batir na wani tsohon abokinta, suka tafi neman ɓarayin tare.

Josh Margolin ne ya rubuta labarin ya kuma ba da umarni, bisa abin da ya taɓa faruwa da kakarsa. June Squibb, wadda aka haifa a 1929, ba ta taɓa jan ragamar fim ba sai a wannan. Abokin tafiyarta, Richard Roundtree, ya rasu a 2023 kafin fim ɗin ya fito.

Masu sharhi sun yaba masa ƙwarai, musamman saboda ya ba da dariya ba tare da wulaƙanta tsufa ba. Duk wanda aka taɓa yi wa iyayensa irin wannan kiran zai kalle shi da wata fuska dabam.

The Thursday Murder Club (2025)

Wasu dattawa huɗu da ke zaune a gidan 'yan fansho a Ingila suna haɗuwa duk ranar Alhamis su binciki tsofaffin kashe-kashen da 'yan sanda suka kasa warwarewa. Kwatsam sai aka yi kisa a kusa da su.

Netflix ya tara manyan jarumai: Helen Mirren da Pierce Brosnan da Ben Kingsley da Celia Imrie, a ƙarƙashin darakta Chris Columbus. An ɗauko labarin daga littafin Richard Osman na 2020.

A nan ra'ayi ya rabu. Wasu sun ji daɗin shaƙuwar jaruman, wasu kuma na ganin zullumin bai kai ya hana mutum barci ba. Da yawa daga waɗanda suka karanta littafin sun yi ƙorafi kan yadda aka sauya ƙarshen labarin. Inda fim ɗin ya fi taɓa zuciya shi ne wurin matar da mijinta ke fama da cutar mantuwa.

Uunchai (2022)

Masu kallon fina-finan Indiya sun san Sooraj Barjatya tun daga Maine Pyar Kiya na 1989. A wannan karon ya ajiye soyayyar matasa ya koma kan aminai.

Amitabh Bachchan da Anupam Kher da Boman Irani sun fito a matsayin abokai da suka ƙudurta tafiya sansanin gindin dutsen Everest, domin cika burin amininsu da ya rasu, wanda Danny Denzongpa ya taka rawarsa. Gwiwa ta gaji, numfashi na yankewa, ga kuma saɓani tsakaninsu da 'ya'yansu.

Babban sukar da aka yi masa shi ne tsawo, domin ya kusa awa uku. Duk da haka Barjatya ya samu lambar yabo ta ƙasar Indiya ta gwarzon darakta da shi.

Me ya haɗa su?

A dukkan ukun, babbar barazanar da dattawan ke fuskanta ita ce ranar da za a daina tambayar ra'ayinsu, a riƙa yanke musu hukunci da sunan kulawa. Kuma a kowane labari, sa'ar tsoho ne ya fi fahimtarsa, domin shi ma yana jin abin a jikinsa.

Mai neman dariya ya fara da Thelma. Mai son wasa ƙwaƙwalwa ya nemi na Netflix. Uunchai kuwa ya fi daɗin kallo tare da iyaye, idan an samu lokaci.