Ɗaliban shari'a da littafin bashin kasuwa

Da yawa cikinmu na ganin karatun shari'a bai shafi kasuwa ba. Amma a jami'o'in Yamai da Tawa ɗalibai na shan wuya kan dokokin kasuwanci na OHADA, yarjejeniyar da Nijar ta sa wa hannu a 1993. In suka je koyon aiki wajen lauya ko kotun kasuwanci ta Yamai, rigimarmu suke tararwa: an ba da buhunan shinkafa bashi, ba takarda. Doka kuwa ta yarda da kowace irin hujja tsakanin ƴan kasuwa, har littafin bashin Hajiya, in an riƙe shi da tsari. Wadda ba ta rubutawa, sai ta nemo shaidu, in suna raye.