Taliyar Hannu ta Lanzhou da Masu Janta

A birnin Lanzhou, hedikwatar lardin Gansu da ke arewa maso yammacin ƙasar Sin, karin kumallon da jama'a suka saba da shi shi ne taliyar alkama cikin romon naman sa, wadda ake sayarwa a ƙananan rumfunan abinci tun da sassafe. Ana danganta wannan girki ga Ma Baozi, wani Musulmi ɗan ƙabilar Hui da aka ce ya fara sayar da shi a shekarar 1915, kuma har yau Musulmi ne suka fi riƙe sana'ar. Ita kanta taliya ta daɗe ƙwarai a yankin, domin a 2005 masana kayan tarihi sun ba da labarin wani kwano da aka tono a Lajia cikin lardin Qinghai, ɗauke da taliyar gero mai kimanin shekaru 4,000.

Abin da ya bambanta rumfar da sauran wuraren cin abinci shi ne, ba a jan taliya sai mai ci ya iso ya faɗi kaurin da yake so, tun daga siririya kamar gashi har zuwa mai faɗi kamar ɗamara. Mai aikin yakan yanko curin kwaɓi, ya miƙe shi iyakar buɗewar hannuwansa, ya ninka, ya sake miƙewa yana bugawa a kan tebur mai barbaɗin gari, kuma da yake kowane ninki yana ruɓanya silin, ninki bakwai kan ba da sili 128 kafin a wurga su cikin tafasasshen ruwa. Kwaɓin ba ya tsinkewa ne saboda gulutin, wato sinadarin da ke ba garin alkama danƙo, wanda ake horarwa da murza mai tsawo da kuma ruwan tokar wani tsiron hamada da ake kira penghui. Wannan toka tana yin aiki makusancin na kanwa a ɗanwake, kuma ita ke ba taliyar ɗan launin rawaya.

Duk da cewa jan kwaɓin ne ke ɗaukar idon baƙo, mutanen garin da romo suke auna rumfa, kuma suna da gaskiya, tunda ana iya koyon ja cikin 'yan watanni, amma haɗin kayan ƙamshin da ake dafa nama da ƙashi da su na tsawon sa'o'i sirri ne da kowane gida ke ɓoyewa. Ƙa'idarsu ta tanadi abubuwa biyar: romo garai-garai, farin radish, wato wata saiwa mai siffar karas, jan man barkono, koren ganyen koriyanda da na tafarnuwa, sai taliyar. Ana ci da 'yan sanduna biyu, kuma da hanzari, domin idan taliyar ta jima a romo takan kumbura ta saki.

Da yawa daga shagunan da ke ɗauke da sunan Lanzhou a sauran biranen Sin na mutanen gundumar Hualong ne ta lardin Qinghai, kuma galibi suna maƙala alamar halal a ƙofa, abin da ya sa fatake Musulmi daga Afirka ta Yamma da ke zuwa sarin kaya a Guangzhou da Yiwu kan samu inda za su ci abinci hankali kwance.