Baƙar Ƙurar Wilin Mota: Asalinta da Hanyar Rage Ta

Gabatarwa

Duk ranar Asabar ni ke wanke motar kawuna a ƙofar gidanmu da ke unguwar Yara, cikin garin Keffi. Kawu a Abuja yake aiki, kullum sai ya ratsa gosulon Masaka da Mararaba da Nyanya. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, jikin motar jar ƙurar hanya yake kwasowa, amma wilin gaba sai in tarar da shi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Da na gaji da dirza, sai na bi kawu gareji na tambayi tsohon bakaniken da ke duba masa mota. Ya yi dariya ya ce, "Ɗan samari, ai wannan ba ƙurar hanya ba ce. Birkin kawunka ne kake wankewa."

Daga ina ƙurar take?

A bayan wilin gaba akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya. Idan direba ya taka birki, man birki zai tura wasu falle biyu su matse faifan daga kowane gefe. Kanikawa kan ce musu "birki-fad", ni kuwa zan kira su takalman birki, domin aikinsu irin na takalmi ne: shi ke cinyewa don ƙafa ta tsira. Gugar da ke tsakanin takalmin da faifan ita ke tsayar da mota, kuma kowane taki sai ya kankare ɗan wani abu daga jikin su biyun. Wannan garin, wanda akasarinsa ƙarfe ne, shi ke fita da zafi ya manne a wili. In ya daɗe yana shan ruwa sai ya yi tsatsa ya ci fenti. Dalilin da ya sa wilin gaba ya fi baƙi kuwa shi ne, da an taka birki nauyin mota gaba yake komawa, saboda haka birkin gaba ya fi shan aiki.

Ire-iren takalman birki

Ba dole ba ne mai mota ya tsaya kan irin takalmin da ta zo da shi; wasu kamfanoni na ƙera madadinsa. Galibi iri uku ne. Na farko shi ne mai taushi, wanda ake haɗawa da zaruruwa da roba da danƙo. Yana da araha, ba ya ƙara, amma yana saurin cinyewa. Na biyu shi ne mai haɗin ƙarfe. Yana jure zafi da nauyi, shi ya sa ya dace da motar haya da ta ɗaukar kaya, sai dai yana cin faifai, ƙurarsa kuma baƙa ce mai yawa. Na uku shi ne na tangaran, wato siramik. Ƙurarsa kaɗan ce, mai haske, ba ta manne wa wili sosai. Aibinsa shi ne tsada, kuma bai kai mai haɗin ƙarfe juriyar kaya mai nauyi ba.

Ba batun ado kaɗai ba ne

Ƙurar da ba ta sauka a wili ba, iska take bi, mutane su shaƙa. A da, da asbesto ake yin takalman birki, wanda zaruruwansa ke jawo ciwon dajin huhu. Tarayyar Turai ta haramta shi baki ɗaya daga 2005. A 2010 jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokar rage jan ƙarfe a takalman birki, saboda ruwan sama na wanke shi zuwa koguna ya cutar da kifi. A 2024 kuma Tarayyar Turai ta amince da dokar Euro 7, wadda a karon farko ta ƙayyade yawan ƙurar da birki zai fitar. Don haka kuskure ne yaron gareji ya hure birki da baki ko da injin iska. Jiƙaƙƙen tsumma ya fi.

Hattara da jabu

Da kawu ya ce a sa masa na tangaran, sai bakaniken ya ɗauko wani takalmi da ya ɓanɓare daga ƙarfensa, ya ce, "Alhaji, wannan ma tangaran aka rubuta a kwalinsa. Mai shi a kan gangara ya taka birki ya ji wayam." Ga abin da na tsinta daga bakinsa:

1. A sayi wanda aka yi don samfurin motar, a wurin dillalin da aka amince da shi.
2. A canza na hagu da na dama tare, a kuma duba ko faifan ya zaizaye.
3. Kada a bari kaurin takalmi ya gaza milimita 3.
4. Bayan an ɗaura sabo, a tattaka birki har ya yi tauri kafin a motsa, a kuma lallaɓa shi a kwanakin farko.
5. In wili ɗaya ya fi ɗan'uwansa baƙi, wataƙila birkin gefen yana riƙewa. A kai gareji.
6. A bar tazara a gosulo, a sauko gangara da ƙaramar giya.

Kammalawa

Kawu ya canza nasa. Ƙurar ta ragu ƙwarai, amma ba ta ƙare ba, domin duk birkin da ke kamawa ta hanyar guga dole ya yi gari. Yanzu nakan jira wilin ya huce, in wanke shi da ruwa da sabulu. Shawarata ga mai karatu ita ce, idan zaɓi ya zo tsakanin wili mai ƙyalli da birki mai ci, to kada garin neman gira a rasa ido.