Zaɓen Ma'ajiyar Bayanan Bincike A Jami'o'i

Kowace shekara malamai da ɗaliban jami'o'i sukan tara alƙaluma masu ɗimbin yawa, amma sau tari da zarar mai binciken ya kammala karatu ko ya yi ritaya, sai bayanan su salwanta tare da kwamfutarsa. Wannan ne ya sa jami'o'i ke kafa ma'ajiya a intanet, kuma tilas su zaɓi manhajar da za ta riƙe ta.

Manhajar EPrints ta fito ne daga Jami'ar Southampton ta Ingila a 2000, DSpace kuwa jami'ar MIT da kamfanin HP na Amurka suka fitar da ita a 2002. Dukansu sun fi shahara wajen adana kundayen digiri da maƙalu, kuma da DSpace Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta gina ma'ajiyarta mai suna Kubanni. Ita kuwa Dataverse ta Jami'ar Harvard, an ƙera ta ne musamman domin ɗanyen bayanai, tana kuma kiyaye tarihin kowane gyara da aka yi musu.

Dukan ukun kyauta ne. Ainihin kuɗin yana wajen ƙwararrun ma'aikata, da wutar lantarki, da ajiye kwafi a wani wuri dabam. Saboda haka wajibi ne hukumar jami'a ta tantance abin da za ta adana da wanda zai kula da shi kafin ta zaɓa. Makarantar da ba ta da wannan hali tana iya amfani da Zenodo, ma'ajiyar da cibiyar CERN ta Turai ke gudanarwa tun 2013.