Man na'ana'a: magani mai ƙarfi cikin ƙaramar kwalba

Yara, kun san na'ana'a. Ita ce ganyen nan mai ƙanshi da ake sawa cikin shayi. Na'ana'a iri-iri ce. Wadda muke sha da shayi tana da sauƙi. Akwai wata kuma mai yaji, wadda aka haifa daga haɗuwar iri biyu. Wani masanin tsire-tsire na ƙasar Ingila, John Ray, ya yi bayaninta a shekarar 1696. Yau ana noma ta da yawa a Amurka da Indiya. Daga ganyenta ake fid da man da za mu yi magana a kai.

Yadda ake samun man

Ana zuba ganyen cikin babbar tukunya. Sai a tura tururin ruwan zafi ya ratsa shi. Tururin ya kwashi man ya bi ta wani bututu. Can ya huce, ya koma ruwa, man ya taso sama. Sai a kwalfe shi. Kilo 100 na ɗanyen ganye ba ya ba da ko kilo 1 na mai. Ke nan ɗigo kaɗan ya tara ƙarfin ganye mai yawa. Shi ya sa ganye daban, mai daban.

Me ya sa yake da sanyi?

Cikin man akwai wani sinadari da ake kira mantol. Shi ne kuma ke cikin mantaleta da sauran man zafi na kasuwa. A fatarmu akwai ƴan jijiyoyi masu jin sanyi. In mantol ya taɓa su, sai su aika wa ƙwaƙwalwa saƙo cewa akwai sanyi, alhali kuwa jiki bai huce ba. Don haka man na'ana'a ba ya sauke zazzaɓi. Mai zazzaɓi, likita za a kai shi, a duba ko cizon sauro ne.

Amfaninsa ga manya

Babban mutum mai ɗan ciwon kai na gajiya yana iya shafa shi a goshi da gefen kai. Amma sai an sirka shi tukuna: ɗigo 1 ko 2 cikin ƙaramin cokali na man gyaɗa. A nisanta shi da ido.

Mai mura yana iya ɗiga kaɗan a ƙyalle ya shaƙa. Zai ji hancinsa kamar ya buɗe. Sauƙi ne kawai ya samu, murar ba ta warke ba.

Akwai kuma ƙwayoyin man na'ana'a da ake sayarwa a kantin magani saboda murɗar ciki da kumburi. An yi musu wani ɓawo na musamman, wanda ba ya narkewa sai ya isa hanji. Likita ne ke faɗin wanda zai sha su. Ba a shan man kwalba a madadinsu, don yana ƙona baki, yana kawo ƙwannafi.

Haɗarinsa ga jarirai

Ga abin da ya fi muhimmanci. Da yawanku kuna goyon ƙannenku. To ku riƙe wannan da kyau: ba a shafa wa yaron da bai wuce shekara 2 ba man na'ana'a, ko wani mai da ke da mantol, musamman a hanci ko fuska ko ƙirji. Hanyar numfashin jariri ƙarama ce. Ƙarfin mantol yana iya sa maƙogwaronsa ya shaƙe, numfashi ya tsaya.

Ba a sa shi kuma a cibiyar jinjiri. Wasu jarirai ana haifuwarsu da jini mai saurin lalacewa, kuma ido ba ya gane su. A shekarar 1980, likitoci a Legas sun nuna cewa hoda mai mantol da ake barbaɗawa a cibi tana ƙara jawo wa irin waɗannan jarirai shawara, wato ido da fata su yi rawaya. Shawara mai tsanani tana lalata ƙwaƙwalwar jinjiri.

Yaro mai farfaɗiya ma ba a shafa masa. Mace mai ciki ko mai shayarwa, sai ta tambayi ungozoma ko likita.

In tsautsayi ya faru

In man ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa. In yaro ya sha shi, kada a sa shi amai. A kai shi likita nan da nan, a tafi da kwalbar. A gida kuwa, a toshe kwalbar sosai, a ajiye ta sama inda hannun yara ba ya kaiwa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Yaya ake fid da mai daga ganyen na'ana'a?
2. Don me man ba ya sauke zazzaɓi?
3. Ƙanwarki mai wata 8 tana mura. Maƙwabciya ta kawo man zafi. Me za ki gaya wa innarki?

Aiki

Ku duba a gida ko akwai mai ko hoda mai mantol. Ku rubuta inda ake ajiye su cikin kayenku.