Zaɓen Dajin Farautar Barewa

Kurni tana cikin ƙasar Matamaye, gundumar Kance, kudu maso yamma da birnin Damagaram. Mutanenta manoma ne. Suna noma gero, da dawa, da wake, da gyaɗa. Amma a zamanin da, in an gama girbi an ɗaure damma an zuba a rumbu, akwai gidajen da ke da wani aiki na biyu. Waɗannan su ne gidajen mahalba. A cikinsu ɗa yana gadon baka da kwari daga ubansa, kamar yadda ɗan maƙeri ke gadon uwar maƙera.

Farautar gida dabam take da babbar farauta ta gari. A babbar farauta ana buga gangi, samarin ƙauyuka da yawa su taru da sanduna da karnuka. Ta gida kuwa mutum biyar ne ko shida: maigida, da ƙannensa, da manyan ƴaƴansa, da yaro ɗaya ko biyu masu ɗaukar gorar ruwa. Tun da ba su da yawa, ba su iya kewaye babban daji. Dole su san inda za su tun kafin su fita. Shi ya sa zaɓen daji yakan ci kwanaki, farautar kanta kuwa yini guda ce.

Wace dabba ake nema?

Wannan ita ce tambayar farko, domin kowace dabba da irin wurinta. Gada tana son duhuwa, inda geza da sabara suka yi kauri. Ita kaɗai take zama, in ta ji motsi sai ta laɓe, ba ta tashi sai an kusa taka ta. Barewa ba haka take ba. Tana son fili mai itatuwa jefi-jefi da gajeren haki, inda za ta hangi abokin gaba daga nesa ta yi ta kanta. Wanda ya shiga duhuwa neman barewa ya ɓata yininsa.

Barewa ma iri-iri ce. Akwai ja, mai baƙin zane a haƙarƙari, wadda nauyinta kan kai kilo 25 ko 30. Ita ce ta ƙasashen kudu da na tsakiya. Akwai ƙarama, mai launin rairayi, ta wajen hamada, wadda ba ta cika wuce kilo 20 ba. Wannan ƙaramar tana iya daɗewa ƙwarai ba ta sha ruwa ba, domin ruwan ganye da na guna ya ishe ta. Saboda haka mai neman ta ba ya dogara ga tsaron bakin tabki.

Abin da ƙasa ke faɗi

Kwana biyu ko uku kafin ranar fita, maigida yakan tafi duba daji, shi da babban ɗansa. Ba su ɗaukar kare. Suna fita da asuba, tun dabbobin gari ba su tattake hanya ba. Aikinsu kallon ƙasa ne.

Da farko suna neman sawu. Nan ne yaro ke yawan ruɗewa, don sawun barewa da na akuya sun yi kama. Yakan ce, «Baba, ga ta nan!» Uban ya tsuguna ya ce, «Sake dubawa.» Sawun akuya yana da faɗi, bakinsa dakusasshe, kofaton a buɗe. Na barewa siriri ne, mai tsini a gaba, kamar kan mashi. Ban da haka, awaki ba su tafiya su kaɗai. In ga sawu barkatai, ga kuma sawun takalmin makiyayi a gefe, to magana ta ƙare.

Sai a san ko sawun na yaushe ne. Sabon sawu bakinsa a tsaye yake, kamar an yanka da wuƙa. Iskar hunturu tana cika shi da ƙura cikin ɗan lokaci. In ƙwaron dare ko gafiya sun bi ta kansa, to dabbar ta wuce tun farkon dare, ta yiwu yanzu ta yi nisa. In kuwa sawun barewar ne ya taka nasu, da asuba ta wuce, tana nan kusa.

Kashi ma yana ba da labari. Sabo baƙi ne, mai sheƙi, mai taushi. Tsoho ya yi fari, yana marmashewa a hannu. Namijin barewa yana da wata ɗabi'a mai taimakon mahalbi: yakan riƙa zuba kashinsa wuri guda, don sauran maza su san wurin yana da mai shi. In an tarar da tsibin da ke da tsoho a ƙasa da sabo a bisa, an sami mazaunin dabba ke nan, ba hanyar wucewarta ba. Wannan alama ta fi sawu goma daraja.

Daga nan sai a dubi abinci. Da rani haki ya bushe, barewa ta koma ga ganyen itatuwa da ƴaƴansu. Tana tsintar ƴaƴan aduwa da na magarya da suka faɗo, da na bagaruwa. Gawo yana da babban matsayi a nan, domin shi itace ne mai saɓa wa ƴan'uwansa: yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore da rani, ya zubo ƴaƴa lokacin da abinci ya yi wuya. Dajin da ke da waɗannan itatuwa, ga ƴar fadama kusa, ga inuwar da dabba za ta kwanta da tsakar rana, shi ake sa wa ido.

Iska da rana

Ana iya samun dajin da ke da barewa, amma a bar shi saboda iska. Hancin barewa da kunnenta sun fi na mutum nesa ba kusa ba. In iska ta taso daga bayan mahalbi, ita za ta kai wa dabbar warinsa tun bai gan ta ba. Dole iska ta riƙa bugun fuskarsa.

Da rani, iskar ƙasar Damagaram daga arewa maso gabas take busowa. Ke nan mahalbi zai shiga daji ta kudu maso yamma, ya fuskanci arewa maso gabas. In ƙauyensu yana arewa da dajin, sai sun yi dogon zagaye, wani lokaci tafiyar sa'a biyu ko uku, kafin su fara aiki. Wannan ma lissafi ne da ake yi tun a gida, musamman in akwai yara cikin tafiyar. Mahalbi yakan riƙe ƴar toka a aljihu, ko ya ɗebi lallausar ƙasa ya saki a hankali, ya ga inda ta nufa.

Da safe, mai fuskantar gabas rana tana cikin idonsa. Da la'asar tana bayansa, tana cikin idon dabbar. Don haka masu sanɗa da yawa sun fi son la'asar, ko da yake dole su kula da inuwarsu, wadda ke yin tsawo tana riga su gaba.

Sanɗa ita ce farautar gwanaye. Wasu mahalban Hausa suna sassaƙa kan burtu da itace, su ɗaura a goshi, su lulluɓa baƙin zane, su riƙa tafiya a duƙe suna kaɗa kai kamar tsuntsun yana kiwo. Barewa ta saba ganin burtu, ba ta gudunsa. Haka mahalbi ke matsawa har kibiya ta iya kaiwa. Wannan dabara tana son wuri mai ƴan tsirrai da tururuwar gara da za su ɓoye jikin mutum. Kora kuwa, wadda ake yi da karnuka, tana son wuri mai mashiga ƙunci, kamar tsakanin tudu biyu, inda manya za su laɓe, samari su koro dabba wajensu. Maigida yana duban mutanen da yake da su, sannan ya zaɓi wurin da ya dace da su.

Daji yana da masu shi

Babu dajin da ba na kowa ba. Kowane yanki yana ƙarƙashin wani gari, kuma kafin a shiga sai an gaida maigari, an nemi yardar sarkin baka, wato shugaban mahalban wurin. Shi ya san inda aka kafa tarko, da inda wasu suka riga suka yi niyya. Gida biyu a daji guda rigima ce, domin in dabba ta faɗi kowa zai ce kibiyarsa ce ta fara samun ta. An sha fasa kai a kan abin da bai kai cinyar gada ba.

Ana kuma tambayar makiyaya, Fulani da Buzaye. Su ke kwana a daji, sun fi kowa sanin abin da ke cikinsa. Amma inda garke yake ba a sakin kare, ba a kuma halbi kusa da burtali ko rijiya. Akwai wuraren da mutane ke kauce wa don al'ada, kamar gindin wata tsohuwar tsamiya ko kuka da ake cewa tana da iskoki. Irin waɗannan wurare sun zama mafakar dabbobi ba tare da an shirya ba.

Lokaci ma yana cikin zaɓe. Barewa tana ɗaukar ciki wajen wata 6, ta haifi ɗa guda. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne, amma ba a kwanakin farko ba. Sabon haihuwa kwanciya yake yi lamo cikin haki, uwar tana kiwo nesa kaɗan, tana dawowa ta ba shi nono. Wanda ya kashe uwar ya kashe biyu. Mahalbin kirki, in ya ga ƙaramin sawu yana bin babba, yakan sake wuri.

Yadda abin ya sake

Yau wanda ya fita daga Kurni da asuba yana neman irin wannan daji, gona zai yi ta gani har rana ta faɗi. A ƙidayar shekarar 2012 gundumar Kance tana da mutum kusan dubu 400, tana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a Nijar. An nome saura, an nome dajin da ke tsakanin ƙauyuka, kwarin Korama ya cika da rake da lambuna. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobin gida da na daji. A arewa kuma bindiga da mota suka shigo. Barewa ta fi kare gudu, amma mota ba ta gajiya.

Itatuwa kam sun dawo. Tun wajen shekarun 1980 manoman Matamaye da Magarya da Mirya suke barin tohon gawo a gonakinsu suna renonsa, har masana daga ƙasashen waje suna zuwa kallo. Sai dai gona mai itatuwa ba daji ba ce. Kullum akwai mutum cikinta, da akuya, da kare. Zomo da kurege da fakara suna iya zama da wannan. Barewa ba ta iyawa.

Gwamnatin Nijar ta taɓa rufe farauta a duk ƙasar, aka yi sama da shekara 20 a haka. Ranar 29 ga Afrilu 1998 aka kafa doka mai lamba 98-07, wadda ta tsara farauta da kare namun daji. Dokar ta ce sai da takardar izini ake farauta, kuma cikin lokacin da hukuma ta buɗe. Ta hana farautar dare da fitila, da korar dabba da mota, da sa wa daji wuta don a fitar da nama, da amfani da guba. Ta ware wasu dabbobi da ba a taɓa su ko kaɗan, kamar raƙumin dawa da mariri da mena. Mena ita ce babbar barewa mai farin ciki da jan wuya, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar ta ɗauki sunanta. Waɗanda suka rage a daji, a duniya duka, ƴan ɗaruruwa ne ko ƙasa da haka.

Wuraren da barewa ta fi saura a yau, yawancinsu wuraren da aka hana farauta ne. Akwai gandun Gadabeji a ƙasar Dakoro, wanda aka keɓe a 1955, inda aka kai raƙuman dawa 8 daga Kure a 2018. Akwai na Abzin da Tenere, na 1988. A cikin jihar Damagaram kanta akwai na Tarmit da Tin-Tumma, wanda aka kafa a 2012, yana cikin mafi girma a Afirka. Mariri kuwa ya ƙare ƙaf a daji, har aka bayyana haka a shekarar 2000. Daga 2016 aka fara kawo waɗanda aka rena a tsare ana sakinsu a ƙasar Cadi, suka hayayyafa.

Saboda haka maigidan da ke son ƴaƴansa su san sana'ar kakanninsu, zangonsa na farko yanzu ofishin ma'aikatan gandun daji ne a Matamaye. Can zai ji ko an buɗe farauta a shekarar, da dabbar da aka yarda a taɓa, da wurin. Zai kuma tuna cewa iyakar Najeriya ba ta da nisa daga Kurni, kuma takardar Nijar ba ta aiki a ƙasar Daura. Sau da yawa abin da ke saura gare shi zomo ne da fakara a gonakin da aka girbe, bayan ya nemi yardar masu gonakin. A can ma yaro yana koyon bambanta sabon sawu da tsoho, yana sakin toka ya ga inda iska ta nufa, yana shiga ta kudu maso yamma.